Ranar da Injin Kamfani Ya Tona Mini Asiri

Ko me zan manta a rayuwar aikina, ba zan taɓa mantawa da safiyar da injin kamfaninmu ya ba ni kunya a garuruwa huɗu lokaci guda ba.

Lokacin ina sabon zuwa Tasawa, ni kaɗai ne mai kula da ordinatar, wato kwamfuta, a wani kamfani mai sayar da taki da iri da dusar dabbobi. Babban injinmu tsoho ne, tsayinsa kamar firiji, kuma shi ke riƙe da duk aikin rassanmu na Mayahi da Cake da Gidan Amumune. An ajiye shi a wani ɗan ɗaki mai sanyi a ƙarshen gini, aka ajiye ni tare da shi. Ba mai leƙo mu sai abu ya lalace. Da azahar ina jiyo ma'aikata a gindin bishiyar bedi suna cin abinci suna dariya, ni kuwa in rufe ƙofa (wai don kada sanyi ya fita) in ci burodina ina kallon koren rubutu a baƙin allo. Gaskiya kaɗaici ya dame ni, amma girman kai ya hana ni faɗa.

Sai matsala ta taso. Idan mai magaza (mai kula da ɗakin ajiyar kaya) na Mayahi da na Tasawa suka taɓa kaya iri ɗaya a lokaci guda, sai injin ya kulle wa ɗayansu, allonsa ya sandare. Hanyar gano irin wannan sananniya ce: ka dasa ɗan saƙo a kowane mataki na aikin, ka ga a wanne ya tsaya. Masu hankali suna rubuta "mataki na ɗaya", "mataki na biyu". Ni da ba ni da abokin hira, sai na rubuta abin da nake son a ce mini. Na farko: "Sannu da aiki, Injiniya." Na biyu: "Ka ci abinci kuwa?" Na uku: "Ka yi ƙoƙari, ko ba wanda ya gani." Na ƙarshe kuwa (nan ne shaiɗan ya yi aikinsa) ya shafi Malam Lawali, babban mai magazarmu, wanda aka yi wa haihuwa kowa ya je suna ban da ni, don ba a gayyace ni ba: "Kada ka damu da sunan gidan Lawali, mantuwa suka yi."

Na gano inda ake kullewa, na gyara, na gwada a ɓangaren gwaji, komai ya tafi sumul. Don murna na kwashi gyaran na zuba a ɓangaren aiki na gaske, na tafi gida ina jin kaina. Saƙonnin ban cire ko ɗaya ba.

Washegari kasuwar Mayahi ce. Ko zama ban yi ba waya ta yi ƙara, mai magazar can ne. "Injiniya, lahiya? Inji na tambayata ko na ci abinci. In ce mishi mi?" Kafin in amsa na Gidan Amumune ya kira, yana dariya har ba ya iya magana. Na kwasa da gudu zuwa zauren cinikinmu na nan Tasawa, na tarar da layin makiyaya masu jiran dusa, Malam Lawali kuma zaune gaban allo. Kowane saƙo sai an danna kafin ya wuce. Wani dattijo Bafulatani ya ce a karanta masa abin da ya tsayar da layi, shi kuwa Malam Lawali yana karantawa da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, ana ta dariya. Da ya kai na ƙarshe, ya karanta har sunansa, sannan ya ɗago kai ya dube ni. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban ko waiwaya ba.

Cire saƙonnin bai ɗauke ni wani lokaci ba. Ina zaune a ɗakina na dafe kai ina jiran darakta ya kira ni, sai Malam Lawali ya turo ƙofa. Wannan ne shigowarsa ta farko. Ya dubi injin, ya dubi guntun burodina a kan tebur.

"Ba mantuwa munka yi ba, Injiniya," in ji shi. "Kullum ƙoharka ruhe take. Mun ɗauka ba ka son mutane."

Wannan ta fi dariyar zafi. Ashe har injin ma ƙarya na koya masa ya yi mini.

Har yau daga Cake zuwa Mayahi ba mai kirana da sunana, "Ka-ci-abinci" ake ce mini. Na koyi abu biyu. Kafin ka tura gyara, karanta abin da ka rubuta kamar Lawali ne zai karanta shi gaban jama'a. Na biyu kuma, yanzu da azahar nakan bar injin da sanyinsa in tafi gindin bedi, don shi iyakarsa ya tambaya, bai taɓa miƙo mini kwano ba.