Yadda Aka Warkar da Idon Kaka Tasalla a Takarda

Jama'a, ku taya ni ji. Wata safiya cikin watan jiya na tarar da kakata Tasalla a zaure tana gaida buhun masara. Ni na jingine buhun da bango, na ɗora hulata a kansa don in ɗaure igiyar babur. Ita kuwa har da rusunawa: "Malam Dikko, an tashi lafiya? Ya shanu? Ya uwargida Barakatu?" Da ta ji shiru sai ta juyo ta ce, "Mujitaba, me muka yi wa maƙwabcin nan yake gaba da mu?"

Na yi dariya har na riƙe ciki, sai daga baya na gane ba abin dariya ba ne. Yanar ido ce ta rufe mata idon dama ruf, ga shi ta fara cin na hagu.

Kada ku ji na ce kaka ku zaci wata tsohuwa ce da ke zaune a bakin ƙofa tana korar ƙuda. Ina! Tun tana amarya ruwan madatsar Tiga ya cinye garinsu, aka kwaso su aka zube nan gefen Burumburum, kuma tun daga ranar ban ji wanda ya ce ya ga matar nan ta zauna ba. Kafin rana ta fito ta hura wutar bandar kifi, tarwaɗa daban, karfasa daban. Ta yi wa tattaɓa-kunne uku wanka da faɗa, ta haɗiyi ƙwayar hawan jini idan ta tuna, ta ba awaki dusa, ta raba rigimar matan gida ko da ba a kira ta ba. Asabar da Lahadi tana Islamiyyar matan aure, ta fi malamar shekaru sau biyu, ta fi ta yawan tambaya. Da la'asar kuma sai ta jawo kabarta mai rini ta hau saƙar faifai, rediyo na gefe tana mayar masa da magana. Faifanta har daga Tudun Wada ake aiko nema idan za a kai amarya.

To yanzu ja da kore sun zama ɗaya a wurinta. Na ƙarshe da ta saƙa, zanen ya karkace, wata jikarta ta yi dariya, Kaka kuwa ta ɗauke shi ta rufe tukunyar ruwan awaki da shi. A Islamiyya tana riƙe littafi tana bin bakin mutane. Ba ta taɓa ce wa kowa komai ba, amma ni na gani.

Ana nan sai ga mai shela: Kwamitin Tausaya wa Dattawa zai kawo likitoci su cire yanar ido kyauta, mutum hamsin, a filin wata makaranta. Wanda aka yi wa kuma za a ba shi tabarau da ƙaramin buhun shinkafa na jinya. Na ce kai, Allah ya ja zamanin masu tausayi! Na yi yini guda a layin mai don in samu abin da zai kai mu ya dawo da mu, ban ko yi tsaki ba.

Ranar tafiya na ce mata, "Matata," don haka nake kiranta, ita kuma ta ce mini ragon miji, "ki tafi da zanen bandar nan mai hayaƙi, su ga alamar wahala."

Ta ce, "Allah ya sawwaƙe! Gaban manya za ni da tsumma? Ka taɓa ganin na je ko barka haka?"

Ta buɗe adaka ta ciro atamfar da take ajiya tun bikin uwata, ta rangaɗa kwalli a idon da ba ya gani, ta murza ɗauri, ta fesa turare. Lallenta kuwa tun jajibiri aka ƙunsa. Ta hau bayan babur tana cewa in bi a hankali kada in ɓata mata ninkin zane.

Mun isa da hantsi. Likitar tana nan, wata baiwar Allah da 'yar fitilarta ta duba ido, amma an killace ta a cikin aji. Ba mai isa gare ta sai ya bi ta teburin wani bawan Allah mai babbar riga da biro uku a aljihu. Ban san sunansa ba, ni dai Sarkin Biro na raɗa masa, Allah ya ƙara masa tawada. Shi ba likita ba ne, ko fitila ba shi da ita. Aikinsa ya tambayi mutum, ya rubuta abin da ya ce.

Wanda ke gabanmu ƙato ne, ko furfura bai fara ba. Da kansa ya tuƙo babur ɗinsa, kuma tun da muka shiga layi yake karanta saƙo a waya yana dariya. Yana isa teburi sai ya fara lalube. "Wayyo yallaɓai, duniya ta yi mini duhu! Dare ne yanzu ko rana?" Sarkin Biro ya girgiza kai don tausayi, ya tambaye shi ya ubangidansu Alhaji, ya miƙa masa kati. Mutumin ya karɓa ba tare da ya laluba ba.

Sai mu. Kaka ta durƙusa ta gaida ƙafar teburi, na juyo da ita.

"Sannu Iya. Ya jiki?"

"Alhamdulillahi, ɗana, jiki da sauƙi."

"Idon fa?"

"Mun gode Allah. Wani ko wannan bai samu ba."

Na ji biro ya yi ƙarrr a kan takarda. Ya ce, "Na gaba!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai gaisuwa take yi! Dubi idon, fari fat. Shekaranjiya buhu ta gaisar."

Ya ce, "Kai ne mai idon? Bakinta ya faɗa, na rubuta. Ni ba a ba ni gurbin gaisuwa a takarda ba. Mai sauƙi gefe, mai tsanani ciki."

To jama'a, ku faɗa mini don Allah. Wannan mutumin ba daga wata ƙasa aka ɗauko shi ba. Bahaushe ne kamar ni, nonon uwa Bahaushiya ya sha. Ya sani sarai uwarsa ko tana kan gargara aka ce ya jiki, da sauƙi za ta ce. Mu da muke zuwa dubiya mu tarar da mutum ba ya iya ɗaga kai, ya ce mana ya warware, washegari mu dawo jana'iza. Amma dole in yaba wa wanda ya tsara wannan hanya, kansa na ja. Ba sai ka kori kowa ba. Ka tambayi dattijo ya jiki kawai, kunyarsa za ta kore shi da kanta, gurbi ya rage wa 'yan gida.

Ban tafi ba, na ce ko Allah zai sa a sake duba mu. Sai bayan la'asar aka ji jiniya. Mai Girma Babban Mai Tausayi ya iso da motoci goma sha huɗu, kowacce ta sha man da zai kai ƙauyenmu duka asibitin birni ya dawo da su. Mai ɗaukar hoto ya bi tsofaffi yana dubawa, wannan ta yi yaushi, wancan rigarsa ta yage, har idonsa ya faɗa kan atamfar Kaka. Ya ce, "Yauwa! Iya taso."

Zuciyata ta yi fari, na ce Allah ya kawo mu. Aka tambayi sunanta aka rubuta, aka manna mata farar auduga a ido, aka ɗora mata baƙin tabarau, aka ajiye buhun shinkafa a gabanta. Mai Girma ya riƙe hannunta yana murmushi, ita kuma tana ta kwararo masa addu'a, shi da iyayensa da zuriyarsa. Ƙyal, ƙyal, ƙyal. Yana juya baya wani ya cire tabarau, ya ɓalle auduga, ya sungumi buhu. Na ce malam, lafiya? Ya ce, "Na hoto ne."

A hanyar gida tana bayana tana cewa, "Ragon miji, ka ga amfanin atamfa? Duk taron nan ni aka zaɓa. Yaushe suka ce za a yi aikin?" Na yi kamar iska ta hana ni ji. Wallahi hawaye nake yi, na ce mata ƙwaro ne ya faɗa mini a ido.

Da na ba Malam Dikko labari, na gasken ba buhun ba, sai ya jingina da sandarsa ya ce, "Mujitaba, mu ko saniya za mu saya ba ma tambayarta ya jiki. Ware idon ake yi, a duba haƙori." Ya ƙara da cewa, "Da mutanenmu Fulani ya tambaya, da ya rubuta duk rugar nan ba a taɓa ciwo ba. Mu da ko maciji ya sare mu sai mu ce jam, wato lafiya lau."

Bayan mako uku aka ce za a yi zagaye na biyu, amma sai an je ofishin kwamiti a birni. Na zaunar da Kaka na ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau za ki koyi kuka. Ni ne Sarkin Biro. Iya, ya jiki?"

"Jiki... to... alhamdulillahi."

"A'a! Ki ce ba sauƙi."

"In yi wa Allah butulci saboda ƙato mai biro?"

"Ba butulci ba ne, gaskiya ce. Ya idon?"

"Ido yana nan inda Allah ya sa shi."

Kwana uku muna wannan karatu, har matan gida suka riƙa leƙe suna dariya. A na huɗu ta jawo kabarta, ta ɗaga zare biyu ta ce in faɗa mata wanne ne ja. Na faɗa. Ta daɗe tana juya su a hannu, sannan ta ce, "Shi ke nan, zan faɗa. Amma kada ka gaya wa kowa na faɗa."

Muka shiga motar haya. Ba ta yi bandar kifi ba ranar, ta bar yara da awaki a hannun mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. A ofis muka sami Sarkin Biro, biron ya zama huɗu. Ya ce, "Iya, ya jiki?"

Ta riƙo hannuna. Ta ce, "Ɗana, ba na gani. Na dama ya tafi, na hagu yana bin sa. Ina tsoron in wayi gari ban san fuskar jikokina ba. Ka taimake ni."

Shekara saba'in da ɗoriya matar nan ba ta taɓa roƙon kowa ba. Ruwa ya ci gidansu ta ce mun gode Allah, ta binne miji da 'ya'ya uku ta ce mun gode Allah. Yau ta sauke duk wannan a gaban teburi.

Sarkin Biro ya tambayi sunanta, ya lashi yatsa, ya buɗe wani babban littafi mai sheƙi. Fuskarsa ta washe. "Haba Iya! Ai ke an yi miki. Ga ki nan a shafin farko, ke da Mai Girma. Ga auduga, ga tabarau, ga shinkafa. Ba a yi wa mutum sau biyu, a bar wa waɗanda ba su samu ba."

Na ce ya ɗaga kai ya dubi idon. Ya ce shi ba likita ba ne. Na ce to a kai ta gun likita. Ya ce likita ba ta ganin waɗanda suka warke. Abin da na faɗa masa bayan nan, edita ba zai buga ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo.

Da muka dawo Kwanar Dangora, motar da za ta ƙarasa da mu tana layin mai, sai muka zauna a bencin wani mai shayi. Na ɗaga kai, sai ga ta. Allo ne ƙato, ya fi ɗakin Kaka faɗi, ga atamfa, ga lalle, ga Mai Girma yana riƙe da hannunta. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: MUN DAWO WA IYAYENMU DA GANINSU.

Na ce, "Matata, ga ki can a sama."

Ta ɗaga kai, ta kare rana da tafin hannu, ta ƙanƙance idon hagu. Ta daɗe tana kallon wajen, amma allon tallar taki take kallo, na gefensa. Na juya mata kai a hankali.

Ta ce, "Wani abu dai nake gani kamar hadari. Me suka rubuta?"

Na karanta mata. Mai shayi ya gama fifita kofi biyu. Can ta ce, "Mujitaba, tsakaninka da Allah, ɗaurin nawa ya zauna daidai?"

Na ce ya zauna.

Ta ce, "To, gara da ban ji maganarka na sa tsumma ba."

Yanzu dai awaki biyu za su kasuwa, ko sa kai mu asibitin birni kafin na hagun ya rufe. Ku kuma idan hanya ta biyo da ku Kwanar Dangora, ku ɗaga kai ku gaida kakata, tunda ku kuna ganinta. Sai dai ku tsaya a ina wuni. Kada wanda ya tambaye ta ya jiki, ba ku san mai biro a kusa ba.