Jatan Landen da Baba Ya Gani

"Ina kwana, ango? Duka gaɓoɓin sun tashi, ko an baro wasu a kan gado?"

"Lafiya lau, amarya. Muryar nan taki dai har yanzu ba a sa mata mai ba."

Haka 'yata da mahaifina suke gaisawa kullum. Ni da ɗayan ya haife ni, na kuma haifi ɗayar, nawa kallo ne, don maganar da zan faɗa wa Baba a yi sati ana fushi da ni, ita sai ta faɗa masa har ya ƙara mata da alewa.

Ranar kuwa raina a ɓace yake. Yanar ido ta hana Baba gani, kuma washegari ce ranar da likita ya sa za a yi masa aiki. Ba wannan ce ranar farko da aka ba mu ba. Duk wadda ta zo sai ya tashi da ciwon baya, ko ya tuna da wani aboki da ke bukatar dubiya. Likita ya gaya min ɓaro-ɓaro cewa in aka ƙara ja, aikin zai yi wuya. Shi kuwa Baba ya kafe a kan idonsa garau yake, wai shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa babbar mota ba za a koya masa kallon hanya ba. Mutumin da shekaranjiya ya gaida labule, har ya ji haushi bai amsa ba.

Ita kuma 'yata ta ajiye akwatin gilashi a falo, ta zuba tsakuwa, ta dasa ciyawar ruwa, ta ɗaure gansakuka a jikin wani guntun itace, ta sa masa fitila da 'yar na'ura mai fitar da kumfa. Makonni ke nan babu mai rai a ciki, wai sai ruwan ya kwanta kafin a saka ƙananan jatan lande, in ba haka ba su mutu.

"Yaya garken ruwa?" in ji Baba. "Ya haihu?"

"Yau masu gidan suka iso."

"Madalla. Nawa ake zubawa a tukunya?"

"Duk ka haɗa su ba za su cika kogon haƙorinka ba. Na kallo ne, ba na ci ba."

"An kai yarinya makaranta ta dawo tana ciyar da ƙwari. Da na san haka ne, da na auri mai tallar gyaɗa."

"Ta so ka ne? Ni ma tausayi ya sa na zauna."

Ya ce ta kai shi ya ga baƙin. Ta ce me zai gani, shi da labule ma sai da ya tambaye shi mutan gida. Nan ta taɓo inda yake masa ciwo. Ya miƙe ba sanda, yana bin bango da hannu kamar mai duba ko fenti ya bushe, har ya kai ga teburin. Ya manna hanci a jikin gilashi, yana gyaɗa kai irin na masana.

"Ai ga su nan," ya ce.

Na buɗe baki, 'yata ta ƙifta min ido. Akwatin nan babu komai a ciki sai ciyawa. Jatan landen suna cikin wata roba a ƙasan tebur, ta jawo siririn tiyo daga akwatin yana ɗiga musu ruwa kaɗan-kaɗan don su saba da shi kafin a juye su.

"Wanne ka gani, ango?"

"Ga wani ƙato can mai gashin baki, sak ubanki ranar da ya zo neman aure. Ga wata ramammiya tana hawa itace, ba ta da aiki sai yawo, wannan ke ce."

"Kai, idon nan da kyau. Sai kuma wa?"

Baba ya samu fili. Ya ga mai ciki, ya ga gurgu, ya ga wasu biyu suna faɗa a kan gado har ya raba su. Ya ce akwai wani dattijo a lungu mai kamala, ba ya kula kowa, da gani shi ne mai gidan. Ya juyo wajen da yake zaton ina tsaye, ya ce in gaya wa likitan nan ya nemi wani makahon, shi yana da abin yi gobe. Yana faɗa yana matsawa gefe don ya ƙara leƙawa, ƙafarsa ta nufi robar.

'Yata ta durƙusa da sauri ta riƙe masa ƙafa.

"Tsaya, Kaka. Kada ka taka."

Ba ta cika kiransa Kaka ba. Ya tsaya cak. Ta kama hannunsa ta ɗora a bakin robar, ta bi da yatsunsa kan tiyon har zuwa akwatin, ta gaya masa inda suke tun safe. Wallahi na so in yi dariya, sai na ji hawaye ne ke zuwa, don ban taɓa ganin mahaifina an kama shi haka ba.

Ya lalubi kujera ya zauna.

"To shi dattijon nan na lungu fa?"

"Dutse ne."

"Shi ya sa na ga yana da kamala."

Ya jima yana murza gwiwa. Sannan ya faɗi abin da bai taɓa faɗa min ba, cewa yanzu ko ba komai yana ganin haske da inuwar mutane, tsoronsa kada a taɓa idon a kwashe har ɗan abin da ya rage. 'Yata ba ta lallashe shi ba. Ta ce ita za ta raka shi, ta zauna a bakin ƙofa har a fito da shi, in kuma ya sake tashi da ciwon baya, a baro za ta tura shi.

"In aka buɗe idon na ga ainihin fuskarki, a bakin aurenki."

"Ni ma ina jiran ranar da za ka kalli madubi ka ba ni haƙuri."

Ya sunkuya wajen robar, ya ƙura ido, ya ƙara ƙurawa. Da ya yi magana, muryar ta yi ƙasa.

"Amarya, wane launi ne da su?"

"Ba zan faɗa ba. Mama, ke ma kada ki faɗa."

Baba ya kwashe da dariya har da tari, yana kiranta ja'ira, mara tausayin miji. Da tarin ya lafa, ya goge ido da bakin hannun riga, ya juyo gare ni.

"Ke kuma kin tsaya kallo. A goge min farar rigata, kuma a tashe ni da wuri."