Tallar Mai Gyaran Keken Ɗinki

"…da gajiya, Angona? Ko da yake wace gajiya ga wanda ya wuni yana korar ƙuda?"

Tsohon bai ɗago ba. Yana zaune a shagonsa na gyaran keken ɗinki, kawunan kekuna shida jere a kan kanta, duk nasa ne, babu na mai kawo gyara ko ɗaya. Jikar tasa, wadda aikinta rubuta wa 'yan kasuwa talla a waya, ta san dalilin kiran da ya yi mata. Babanta ya rantse in wata ya ƙare ba a kawo aiki ba, zai garƙame shagon ya zaunar da tsoho a gida. Tsoho kuwa ya ce sai dai a ɗauki gawarsa.

"Gajera, ashe ke ce? Na ɗauka kyanwa ce ta shigo. Ungo, buga mini wannan a wayarki, kada ki rage ko wasali."

Ya miƙo mata takarda uku, rubutu gaba da baya. Ta gyara murya.

"'An haife ni da damina…' Kaka, talla ce ko wasiyya? Na gama shafin farko, har yanzu ba a yaye ka ba!"

"Ci gaba, daɗin yana gaba. Talla sai ta yi tsawo ake ganin girman mai ita."

"'Gwanin gwanaye, babu kamarsa gabas da yamma. Muna gyara keke, rediyo, fanka, agogo da injin jirgin sama.' Yaushe ka taɓa leƙa cikin jirgi?"

"Talla ai sai da ƙari. Wa zai turo jirgi nan ya ƙure ni?"

"Duk wanda ya karanta jirgin nan, ko keken ma ba zai yarda ka iya ba. Kuma shafi shida cur, ba ka faɗi inda shagon yake ba."

"Wa bai san ni ba?"

"Waɗanda suka san ka, rabi sun rasu, rabi ba sa ganin kafar allura."

"Ji baki kamar almakashi! Da na sani, tun kina zanen goyo na sake ki."

"Ka sake ni ka auri wa? Haƙori biyu suka rage maka, su ma ba sa gaisawa."

Ta ja kujera ta zauna, ta kife takardun a kan kanta.

"Faɗa mini, su wa ke kawo maka keke?"

"Likitoci. Teloli mana, sakarya!"

"In sun shigo, me suke cewa?"

"Yana tsinka zare, yana tsallake ɗinki, ga kayan mutane sun taru a kansu."

"Kwana nawa kake yi da shi?"

Tsoho ya zabura kamar an zage shi. "Kwana? Ni? A kawo da safe, a ɗauka kafin la'asar!"

Ta sunkuya ta danna-danna, sannan ta karanta masa: "'Kekenka na tsinka zare ko tsallake ɗinki? Kawo shi da safe, ka ɗauka kafin la'asar. Shago mai koren ƙofa, daura da famfo.' Sai lambar wayarka a ƙasa."

"Shi ke nan? Ina shekara arba'in ɗina? Ina gwanin gwanaye?"

"Mai kayan mutane a wuya ba shekarunka yake nema ba."

"To, watsa wa duniya duka."

"Duniya ba ta ɗinki. Zauren da teloli ke hira a waya na tura."

"Aikin banza. Bara ma maƙwabcina mai shagon littattafai ya sa mini talla, ko mutum ɗaya bai zo ba."

Suna cikin haka sai wani abu ya hau kuka a cikin aljihun tebur. Tsoho ya jawo, ya zaro wayarsa daga cikin ƙusoshi da tsumman mai, ya kai ta dab da hanci, ya danna ja, ya mayar.

"Kaka! Me ka yi?"

"Baƙuwar lamba ce. Ni ba na ɗaukar lambar da ban sani ba."

Jikar ta ɗora hannu biyu a ka. "Bara ma haka ka yi?"

"Kwana uku suna damuna, sai da na kashe wayar na samu lafiya."

Wayar ta sake ɗaukar kuka.

"Wallahi ka ɗauka, ko in kira Baba yanzu ya zo da kwaɗo."

Ya harare ta, ya kara a kunne. "Wa ke magana?… Eh, mai koren ƙofa… Tsallake ɗinki? Ƙaramin aiki ne, taho da shi."

Ya ajiye wayar, sannan ya fashe da dariya har da tari.

"Gajera, yau kam kin kayar da ni. Ki gaya wa ubanki ina da aiki, ya nemi wani tsohon ya zaunar." Ya lalubo alewa guda daga aljihu ya cusa mata a hannu.

Ta juya ta, ta ƙwanƙwasa a kan kanta. "Wannan alewar ai ta girme ni."

"To gaishe ta, ki matsa mini daga ƙofa. Mai keke na tafe."