Taurari Biyar da Jar Laima

Allah ya yi manajoji da yawa, amma da ya zo kan manajanmu sai ya ƙara gishiri. Mutum ne mai kwat uku da turare mai riga shi shiga ɗaki. Ma'aikata na kiransa Taurari Biyar, ko da yake taurarin da ke allon otal ɗin uku ne, ɗaya ma ƙwansa ya mutu tun bara.

Matsalarsa ɗaya ce, ita ma ƙarama: ɗakuna talatin, baƙi huɗu. Hajiya mai otal ta gaya masa a waya cewa in wata ya ƙare ɗakunan na nan wayam, ya ajiye makullai. Wani zai tsorata. Shi kuwa ya je taron bita na kwana biyu, ya dawo da kalma ɗaya a baki: haɗin gwiwa.

Ya tara 'yan kasuwar layin, da tela, da mai wanki, da mai hoto, da direbobin tasi. Suka zauna a kujerun roba, shi ya hakimce a kushin, ya yi awa biyu yana zuba.

"Ku gane," in ji shi, "otal rana ce, ku kuwa fitilun kwano ne. Daga yau na yarda ku haskaka a kusa da ni."

Tela ya tambaya a hankali ko za a riƙa turo masa baƙi. Aka amsa masa da cewa zama a ɗaki mai sanyi ma riba ce. Kowa ya tashi da takardar shaida mai ɗauke da hoton manaja. Dokin mai baki dai ya fi gudu.

Sa'a ta zo duk da haka. Wani kamfanin yawon buɗe ido ya ce zai kawo mutum arba'in ranar Asabar. Taurari Biyar ya fito duba ƙofa, idonsa ya faɗa kan Baba mai gyaran takalmi, wanda ya shekara ashirin a gefen get ƙarƙashin wata jar laima.

"Baba, a cikin sabon tsari, gudummawarka ita ce kada a gan ka."

Mai karɓar baƙi, mace mai kunya, ta fara cewa ai duk wanda ya bugo neman kwatance, abin da take gaya masa shi ne... Ya ɗaga mata hannu. Ya ce shi ba ya ɗaukar shawara daga masu tsayuwa bayan kanta. Baba ya naɗe laimarsa, ya koma ƙarshen layi, inda mai wani ƙaramin masauki ya ba shi inuwa har da benci.

Asabar ta yi. An shimfiɗa jar darduma, an jera ma'aikata, manaja na riƙe da furen roba da jawabi shafi shida. Bas ɗin baƙin ta shigo layin, ta rage gudu, ta wuce su sumul. Direban bai san sunan otal ba, haka ma duk direbobin garin. Abin da suka sani shi ne otal ɗin mai jar laima. A gaban laimar ya taka birki.

Ɗan hakin da ka raina! Taurari Biyar ya zura da gudu, kwat na tashi. Kafin ya isa, mai masaukin, wanda ba ya korar alheri in ya zo, ya raba makullai, an shige da jakunkuna. Jagoran tafiyar ya ce mutanensa sun gaji, kuma gado gado ne. Nan manaja ya lura tafin takalminsa na dama ya ɓalle a hanya, ga wayarsa tana ruri da sunan Hajiya.

Baba ya matsa masa a benci, ya karɓi takalmin, ya jujjuya shi.

"Zai gyaru, ranka ya daɗe. Bari in yi masa ɗinki biyu. Neman aiki akwai cin takalmi."