Bututun Man-bok da Kabejin Surukarsa

Shekarar da abin ya faru ta ɓace mini. Na dai san bayan an zuba kwalta a hanyar ƙauyenmu ne, kafin a rufe makarantar da na koyar. Launin motar ma ina kokwanto, wani lokaci in tuna ta shuɗiya, wani lokaci fara. Amma cika-bakin Pyo Man-bok, wannan ko sunana na manta ba zan manta shi ba.

"Ni fa inji da kunne nake gyara shi," haka yakan ce a ƙofar zauren taron ƙauye, inda tsofaffi ke shan hantsi. "Mota ta wuce ta bayan dutsen can, in gaya maka ƙusar da ta kwance, in gaya maka wanda ya ɗaura ta."

Ɗan gajere ne, tumbinsa na riga shi shiga ɗaki. Kullum da farar safar hannu ta aiki a aljihun baya, tana leƙowa don a gani, kuma ban taɓa ganin ɗigon datti a jikinta ba. A bayan idonsa Injiniyan Baki ake ce masa.

Ƙarshen kaka ne, ranar kwaso kabejin surukarsa, Iya Sun-rye. Guda ɗari uku cif, ita da 'ya'yanta mata sun yanke su tun da sassafe sun tara a bakin gona. Rediyo ya ce rana na faɗuwa sanyi mai daskarar da ruwa zai sauko, yankakken kabeji kuwa in ya daskare, da ya narke ya zama ruɓaɓɓen tsumma. Washegari matan unguwa za su taru a zuba gishiri a haɗa kimci, wato tsimammen kabeji mai yaji, wanda gida huɗu za su ci har bazara. A duk dangin, a-kori-kura ɗaya ce, ta Man-bok.

To a wannan safiyar, ba jiya ba, ba jibi ba, gogan naku ya ajiye motar a tsakar gidan Iya, ya ga ya dace ya canza bututun da sandar awon baƙin mai ke shiga. Tsohon ya yi tsatsa daga ƙasa, yana ɗan tsattsafo da baƙin mai.

Gil-su, ƙanen matarsa, ya zo daga birni taya aiki. Shekara ashirin da shida yana gyaran motocin bas. Amma ƙanen mata ƙane ne, ko da furfura ta cika masa kai, kuma a wajenmu ƙane ba ya cewa yayansa ya yi kuskure a gaban mutane. Sai dai ya kewaya.

"Yaya, ɗigon nan bai kai cokali ba a mako," in ji Gil-su. "Da a kwaso kabejin tukuna."

"Ku a birni canji kuka iya, mu nan gyara muke yi. Minti goma. Tsaya ka koyi aiki, ba zan ce ka biya ba."

Ya ɗaga kujerar motar, don injin irin waɗannan motoci a ƙarƙashinta yake, ya fito da sabon bututu daga buhu. Wajen 'yan gwangwan ya samo shi. Mai wurin ya miƙo masa wani ɗan gajere ya ce shi ne na motarsa, Man-bok ya ture, ya zaɓi wani dogo mai ƙyalli, wai mutum irinsa ba ya sa ƙaramin kaya.

Ya kwance ƙusar da ke riƙe tsohon, ya kama shi da filaya, ya ja. Shiru. Ya tokare ƙafa, ya murɗa, ya fizga. Ɓas, bututu ya karye, Injiniya ya zauna daɓas a cikin bahon wanke kabeji. Guntun ya tsaya cikin ramin inji.

"Haka ake so," in ji shi, ruwa na zuba daga wandonsa. "Kashi biyu ake fitar da shi."

Ya leƙa kicin. "Uwar Mi-ja, ba ni tsinken cin abinci guda."

Matarsa Ok-bun ta fito da wuƙa a hannu, tana ɓare tafarnuwa. "Injin ne zai ci abinci?"

"Ke dai kawo."

Da tsinken ƙarfen nan, irin wanda muke ɗaukar abinci da shi bibbiyu, ya yi ta zungurar guntun yana buga masa guduma. Maimakon ya fito, sai ya faɗa ciki, ƙwal, tsinken ya bi shi. Gil-su ya runtse ido kamar an taka masa yatsa.

"Ƙasa za su kwanta," in ji Man-bok. "Ƙarfe cikin ƙarfe, 'yan uwa ne."

Ya wurga ragowar tsohon bututun bayan katanga, ya ɗora katako a kan sabon, ya daddage ya dake shi har ya shiga. Maɗaurin bai zo daidai da ramin ƙusa ba, sai ya ɗaure shi da wayar shanya. Bututun ya miƙo sama kamar wuyan zalɓe. Ya zura tsohuwar sandar awo, ya zaro, ya duba. Bushe ƙayau.

"Ka gani? Ba mai ko ɗigo. Da na bi maganarka da yanzu injin ya ƙone a hanyar gona."

Ku da kuke karatu kun riga kun gane, ni ma da ban san komai ba sai alli da tsofaffin littattafai na gane daga baya. Bututun ya fi na asali tsawo da kamu guda, sandar kuwa tsawonta bai ƙaru ba. A sama take reto, ko ƙamshin mai ba ta ji.

Gil-su ya yi gyaran murya. "Yaya, da za a ɗauko tsohon a jera su da sabon, don dai mu ƙanana mu ga bambanci."

"Bambancin ai a fili yake. Wancan ruɓaɓɓe ne, wannan lafiyayye."

"Sai na ga kamar wannan ya ɗan fi girma."

"Shi ya sa na zaɓe shi. Miƙo galan."

Ya juye lita huɗu. Ya auna, bushe. Ya shiga rumfa ya ɗauko man injin huɗa, ya juye. Bushe. Ya aika matarsa gidan maƙwabci, ta dawo da rabin galan tana harararsa.

"Baban Mi-ja, rana ta take tsaka. Iya na bakin gona tun safe."

"Ki ce mata surukinta na ceton ran mota."

Gil-su ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashi, ya taso, ya gwada ta wata hanyar. "Yaya, ƙasa fa a bushe take. Ina man farko ya tafi, in ba a ciki yake ba?"

Man-bok ya ajiye galan, ya dube shi tun daga takalmi har hula. "Kai, wa ya auri yayar wani a nan?"

"Kai ne, Yaya."

"To ka riƙe mini mazurari."

Gil-su ya riƙe mazurari. Na sha tunani a kan wannan. Malamanmu na dā sun rubuta shafuka a kan ladabin ƙane ga wa, kuma na koyar da su shekaru, amma ban tuna wanda ya yi maganar mazurari ba.

Da man unguwa ya ƙare, Injiniya ya ce a haka za a lallaɓa. Ya sauke kujera, ya hau, ya murɗa makulli. Injin ya tashi, ya yi tari biyu, sannan ya kama wani irin kuka yana hauhawa ba wanda ya taka masa totur. Injin dizal in baƙin mai ya yi masa yawa, shi yake komawa sha, kuma ba ruwansa da makulli. Hayaƙi ya turnuƙe gidan, karnuka suka ɗauka. Man-bok ya zare makulli, kuka ya ƙaru. Ya dubi makullin a tafin hannunsa, ya dubi motar, sai ya diro ya runtuma. Bayan manyan tulunan da Iya ke tsima kayan miya aka hango shi a tsugune, tumbi a kan gwiwa, yana cewa, "Ku matsa, kowa ya matsa, ina nazarin sautin ne."

Gil-su ne ya faɗa motar, ya danne birki, ya jefa babbar giya, ya saki kuloci. Motar ta zabura, wani abu ya ce ƙararas a cikinta, ta yi shiru. Irin shirun da ba a tashi daga gare shi.

Ana cikin haka Iya Sun-rye ta shigo, tana dogara sanda. Ta dubi hayaƙi, ta dubi motar, ta dubi tulunanta.

"Ina mijin 'yata?"

"Ga ni, Iya. Ƙaramar matsala ce, gobe da safe..."

"Gobe da safe kabejina ya zama kunu."

Motocin maƙwabta duk suna gonakinsu, kowa na tseren sanyi. Tsohuwa ta shiga rumfa, ta jawo tsohon katakon goyon kaya na marigayi mijinta, wanda rabon da a ɗora shi a baya tun kafin wutar lantarki ta zo ƙauyen. Ta kakkaɓe masa yanar gizo, ta ajiye a gaban Man-bok.

"Wannan ba ya shan mai. Juya bayanka."

Hanyar gona ta ƙofar zauren taro ta bi. Haka Injiniyan Baki ya yi ta safa, kabeji goma sha biyu a baya, a duƙe, yana numfashi kamar zugazugi. Tsofaffi suka gyara zama.

"Injiniya, muna jin wata ƙara a gwiwarka ta hagu," in ji ɗaya. "Wace ƙusa ce ta kwance?"

Gil-su da matan suka taya da baro da kwanduna, amma gona da nisa, ranar kaka kuma gajera. Da sanyi ya sauko, kusan kabeji saba'in na nan a bakin gona. Washegari Iya ta raba kimci gida uku maimakon huɗu. Ok-bun ta ɗebi nata ita da 'yarta Mi-ja daga kason uwarta, bisa sharaɗin kada mijinta ya ɗanɗana.

"Iya, nawa fa?" in ji Man-bok.

"Naka yana gona. Na bar maka shi gaba ɗaya, tunda kai ba ka son ƙaramin kaya."

Abin da ya biyo baya ya ɗan dushe mini, ban tuna ko tarakta ce ta ja motar ko wata mota ba. Abu ɗaya dai na tabbatar, don da bazara na je garejin gari da ƙafata na tambayi mai wurin. Lita goma sha huɗu suka tsiyaye daga injin da cikinsa shida ne. Ya ce bokiti na biyu na cika, Man-bok ya zaro sandar awo, ya bi makanikai ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu ita a bushe, yana cewa su shaida, rashin mai ne ya kashe masa mota.