Rasuwar Hoton Haƙarƙarina

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da ƙirjin da yanzu ba ni da shaidar abin da ke cikinsa, ni malamin Fiziks na ajin ƙarshe nake sanar da 'yan'uwa malamai da ɗalibai, na da da na yanzu, rasuwar Hoton Haƙarƙarina. Ya bar mu ranar Litinin da hantsi, yana da shekara goma sha bakwai a duniya, dukansu a bakin aiki.

Ba a yi wa mamaci ƙorafi, amma lokacin bai yi ba. Ranar Alhamis mai duba malamai zai zauna a ajina, kuma darasin hoton asibiti aka rubuta masa zan koyar. Rahotonsa ne zai ce ko in hau matakin gaba, ko in ƙara shekara uku a matakin da nake kai tun ina da gashi.

An haifi marigayin ne ranar da na hau tebur don in nuna wa ɗalibai yadda ƙasa ke jawo abu. Ta kuwa jawo. A asibiti aka manna ƙirjina da wani allo mai sanyi, aka ce in riƙe numfashi, sai ga shi an miƙo mini a cikin ambulan: baƙi, mai sheƙi, ɗauke da karaya uku. Ni na warke cikin wata biyu. Shi ya riƙe karayarsa har ƙarshen rayuwarsa, bai taɓa neman hutun jinya ba.

Makarantarmu ba ta da na'ura ko ɗaya ta wannan darasi. Shi ne na'urar. In na ɗaga shi a taga, yaron da ya kwana uku bai gane littafi ba sai ya gani da idonsa: ƙashi ya tare hasken ya fito fari, huhu mai iska ya ba shi hanya ya fito baƙi. Likitoci biyu da nas huɗu sun fara karatunsu ne daga cikin ƙirjina. Ya yi mana fifita a lokacin zafi. Ya tsawatar da aji, domin in aka girgiza shi yakan ce “wul-wul-wul”, kamar hadari daga nesa, 'yan bayan aji su yi tsit. In kuma ana mayar da shi ambulan sai ya ce “shuuu”, kamar dattijon da ya gaji da surutun jikoki. Bai taɓa faɗin abin da ya wuce haka ba.

Ajali ya same shi a ɗakin malamai. Na fito da shi ya sha iska kafin Alhamis, na tafi raba faɗa. Shugaban makaranta kuwa ya umarci malamin zane ya gyara bangon baya saboda baƙon da ke tafe. Su masu zane, kamar yadda na sani a makare, ba su da abin yanka haruffa da ya kai tsohon hoton asibiti: ba ya jiƙa, ba ya yagewa, fenti ba ya cin sa. Da na dawo, na tarar da marigayin manne a bango, jina-jina da jan fenti, an huda masa AN HANA FITSARI A NAN. Harafin F ta tsakiyar zuciyata ya bi.

“Malam, wallahi na ɗauka shara ce,” in ji malamin zane. “Amma ka ga yadda rubutun ya fita tsaf? Ƙirjinka na da kyau.”

An yi iya ƙoƙari. Na garzaya wurin ƙanin matata, tsohon ɗalibina, wanda yanzu shi ke ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, na roƙe shi ya sake haska ni.

“Yaya, ai kai ka koya mana ba a haska mai lafiya da wannan haske don nishaɗi. Har maki biyar ka cire mini a kansa. Kawo karaya, in ba ka hoto.”

Na dawo gida ina kallon teburin falo, ina auna tsayinsa da ido. Uwar yara ta bi idona da kallo.

“Hau mana, Malam. Amma ka fara nemo wadda za ta yi jinyarka.”

Marigayin ya rasu ya bar ambulan ɗaya, wadda ta ƙi rufe baki tun ranar Litinin. Da maganaɗisun tsohuwar rediyo, wanda ke wakiltar babbar na'urar nan da ake tura mutum cikinta a kwance. Da tocila mai wakiltar hasken ƙona ciwon daji, in an samu batir. Ya kuma bar ƙanwa guda, hoton autarmu tun tana cikin mahaifa, wanda uwar yara ta kulle a akwati da ta ji labarin malamin zane. Sai ni, mai ainihin haƙarƙarin, wanda ba a iya ɗagawa a taga.

Game da jana'iza, iyalai sun zauna sun yanke shawara. Da na wanke gawar da kananzir, na ga karaya ɗaya ta tsira, tana nan tsakanin A da NAN. Don haka za a yi bankwana da shi ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, a ajin ƙarshe, gaban mai duba malamai. Zan ɗaga shi a taga yadda yake, in koyar da darasina. Ana roƙon masu zaman makoki su tsayar da ido kan karayar, kada kowa ya karanta komai da ƙarfi. 'Yan bayan aji, da ku nake.

Wanda ke da tsohuwar karaya a ambulan, tasa ko ta gado, ya taho da ita a madadin gaisuwa.

Ba za a samu damar binne marigayin a ranar ba. Malamin zane zai karɓe shi da an tashi, ya ce saura bango uku.