Makullin Waya da Darnin Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar ɗaurin auren ɗiyar ƙanena, kuma ko na so in manta dangi ba za su bar ni ba. Ranar ce na miƙe tsaye gaban dattawan gidanmu, da littafi a hannu, na tuhumi mutum da laifin da bakina ne ya aikata. Amma bari in bi abin daki-daki, don ni ba na son labari mai tsalle.

Ni manomin albasa ne a wani ƙauye tsakanin Wurno da Rabah. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina da tsari, kuma ba na wasa da yawa. Gonar fadama tare muke yin ta da ƙanena Umaru da ke zaune a Goronyo, saboda haka kusan kullum sai na aika masa saƙon murya (rubutu a waya yana ci mini lokaci, yatsuna sun fi sabawa da fartanya). A garinmu sabis ba ko'ina yake kamawa ba. Wuri ɗaya ne yake da ɗan ƙarfi, wani tudu a bayan gari, jikin darnin karan gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu. Can nake hawa bayan la'asar. In duba gabas, in duba yamma, in na ga ba kowa sai in yi maganata.

Gwaggo tana da ɗa, Garba. Taubashina ne, rana ɗaya aka yi mana kaciya, kuma tun daga ranar bai taɓa ba ni amsa madaidaiciya ba.

Abu na farko da ya faru: na gaya wa Umaru cewa na ji labarin irin albasa mai kyau a Gandi, zan je ranar kasuwa. Da na isa, mai irin ya ce wani mutumin garinmu ya riga ni da sassafe. Garba ne. Abu na biyu: na gaya wa Umaru ranar da zan kira mai tarakta. Ranar ta zo, na iske tarakta a gonar Garba. Abu na uku shi ya hana ni sukuni. Muka haɗu a ƙofar masallaci ya ce, "Ya bayan naka? A riƙa shafa man shanu." Ciwon bayan nan ko mai ɗakina ban gaya wa ba, Umaru kaɗai.

Na ce, "Garba, wa ke gaya maka zancena?"

Ya ce, "Aljanu gare ni, taubashi. Ukku. Guda na kwana cikin hularka."

Ban yi dariya ba. Na lura a lokacin ya sayi sabuwar waya, babba, mai ido uku a bayanta. Mutum mai ido biyu, me zai yi da waya mai ido uku? Na haɗa wannan da wancan, na yanke hukunci: Garba na sauraren wayata.

Sai na hau mashin zuwa Wurno, wurin Malam Nasiru mai gyaran waya. Na kai shi gefe na yi masa bayani da raɗa (a nan na iya raɗa, ku lura). Ya ce shi bai yi zaton Garba na da irin wannan ilimin ba, amma in ina son ƙarin tsaro akwai abin da ake kira VPN. Ya ce kamar rufaffiyar mota ce: duk abin da kake yi a intanet yana bi ta cikinta, mai layi da masu leƙe a hanya ba su ganin abin da ke ciki, kuma wayar sai ta nuna kamar daga wata ƙasa kake.

Na ce, "To su masu motar fa? Wa ke tsare ni daga gare su?"

Ya ce, "Sun ce ba su aje komai."

Na ce, "Sun ce."

Ya ce, "To, Malam, ko direban Sakkwato ka hau motarshi yarda ce ka yi. Amma dai ka guji na kyauta, yawancinsu da kai suka cin abinci."

Na ɗauki na biya, na wata ɗaya tak, don ban yarda da shi ba tukuna. Da aka zo zaɓen ƙasar da wayar za ta nuna, na zaɓi Holan, saboda Malam Nasiru ya ce su ma manoman albasa ne, ni kuma na ce manomi ba ya cin amanar manomi (na manta Garba ma manomi ne). Wani ɗan hoton makulli ya fito a saman wayar. Ina fita Malam Nasiru ya biyo ni da magana, wai in sani fa hanya kawai abin ke tsarewa. Na ɗaga masa hannu. Na riga na ji abin da nake son ji.

Ni ko rago ba na saye sai na buɗe bakinsa. Na samu sabon littafi, na ja layi da rula, na raba shafi uku: Sauri, Kallo, Sirri. Kowanne da ranarsa.

Ranar farko, sauri. Na hau tudu na aika wa Umaru hoton ragona sau biyar babu makulli, sau biyar da makulli, ina duba agogo. Babu makulli, kafin in gyara hula ya tafi. Da makulli kuwa, 'yar da'irar nan ta jikin saƙo sai ta yi ta juyawa kamar jakin da aka ɗaure a turke. Umaru ya kira yana tambaya ko ragon ne ba lafiya. Na ce gwaji nake. Na rubuta: "Sauri ya ragu. Dalili: Holan da nisa."

Rana ta biyu, kallo. Akwai wata tasha mai nuna kokawa da kullum in na taɓa sai ta ce ba a nuna wannan a ƙasarku. Ba wai ina kallon kokawa ba ne, ni da nake hana matasa zaman banza. Gwaji ne ya kai ni. Na kunna makulli, na taɓa, sai ga fili ya buɗe, ga ƙarti biyu sun riƙe juna. Sai dai hoton na tsayawa. Ɗaya zai ɗaga ɗaya sama, sai su daskare a haka, ƙafa a iska, har in ƙosa. Gwajin da na ware wa minti goma sai kiran magariba ne ya sauko da ni. Na rubuta: "Kallo ya yi, amma da tangarɗa." Abin da na yi da bakina a tsakani ban rubuta ba, domin ban san na yi ba.

Rana ta uku ita ce babba. Na shirya tarko. Na ƙirƙiri labarin ƙarya, wanda ko Umaru ban gaya masa cewa ƙarya ce ba (shi ma a lokacin ban cire shi daga zargi ba). Na hau tudu, na duba gabas da yamma, na tabbatar makulli na nan, na danna na ce:

"Umaru, na ɗaya, akwai wani tsoho a Maikujera mai irin albasar da ba ta ruɓa ko ta shekara. Na biyu, jibi zan tafi. Na uku, kada Garba ya ji, ka san kansa kamar tulu ne, baki ƙarami ciki fanko."

Da'irar ta shiga juyawa. Na jira, ba ta tsaya ba. Ni kuwa tun da can ina da wata fahimta, cewa in sabis ya yi rauni sai mutum ya taimaka masa da ƙarfin murya, kamar yadda ake kiran wanda ke tsallaken gulbi. Balle yanzu da muryar za ta biya ta Holan kafin ta dawo Goronyo. Na sake faɗa da ƙarfi. Na sake na uku da ƙarfin da ya fi.

Washegari bayan asuba, ina saka takalmi, Garba ya dafa ni. "Taubashi, in za ka Maikujera wurin tsohon nan ka tahi da ni. Tulu ne, amma shina ɗaukar kaya."

Na koma gida na rubuta da manyan baƙaƙe: "Sirri ya faɗi." Sannan na zauna na yi nazari. Ko dai na'urar Garba ta fi ƙarfin Turawan Holan, ko kuma Malam Nasiru ya haɗa baki da shi. Na zaɓi duka biyun. Kwana tara ban amsa gaisuwar Garba ba. Ya aiko da tuwon suna gidana na ce a mayar. Na ƙudura a raina cewa ranar ɗaurin auren ɗiyar Umaru, da za a yi a babban gida, zan kai maganar gaban Baffa, wan mahaifinmu, a yi ta ta ƙare.

Ranar ta zo. An shafa fatiha, an raba goro da dabino, baƙi sun fara raguwa, saura dangi da surukan Goronyo a zaure. Na miƙe, na yi gyaran murya, na buɗe littafi. Na karanta musu Gandi, na karanta tarakta, na karanta ciwon baya. Na bayyana musu VPN da rufaffiyar mota. Na karanta sakamakon gwaji uku, har da ragon. Sannan na nuna Garba da biro na ce, "Baffa, ko dai ya miƙo wayar nan mai ido uku a bincika, ya kuma rantse, ko kuwa daga yau ba ni ba shi. Ko gawata kada ya bi."

A karon farko a rayuwata na ga fuskar Garba babu dariya. Ya dube ni ya ce a hankali, "Har ta kai nan? To, Baffa, a yi haƙuri a kira Inna."

Aka shiga cikin gida aka fito da Gwaggo daga cikin mata, tana dogara sanda. Tsohuwa ce ta haura tamanin, kuma kowa ya san kunnenta na hagu ya daɗe da mutuwa. Baffa ya matsa kusa da na dama ya yi mata bayani.

Ta ce, "Mi? Sirri? Wane sirri?" Ta juyo gare ni. "Kai ɗan nan, ba kai na kaka hawa tudun bayan darnina kullum la'asar ba? Ni ina nan zaune inuwa ina ɓarar gyaɗa, tsakanina da kai kara ɗaya. Ai ni na ɗauka sanarwa kaka yi ma gari."

Sai ta gyara tsayuwa, ta ɗaga sandarta kamar waya, ta kwaikwayi muryata: "Umaru! Na ɗaya! Akwai wani tsoho Maikujera! Na biyu!" Ba ta tsallake ko kalma ba, har tulun. Ta ce, "Sau ukku ka faɗe shi. Na ukkun har kajina sunka watse. Garba in ya zaka gaishe ni da dare (ta nufi bayan isha'i, lokacin tuwo) shi ce, Inna mi al labari, ni ko in ba shi abin da na ji. Laihi ne?"

Na buɗe baki in ce wani abu, ta ɗaga hannu.

"Ban ƙare ba. Kwana guda kahin wancan kuma, wa kaka ce ma 'Buga shi da ƙasa, ɗan banza, buga shi!' har magariba? Na ce a leƙa ko faɗa aka yi, anka ce kai ɗaya ne, kana ta harbin iska da ƙafa."

Surukan Goronyo, waɗanda tun safe suke riƙe da mutunci, su suka fara. Wani har ya shaƙe da goro. Umaru ya rufe fuska da malum-malum, kafaɗunsa na rawa. Baffa ya yi ƙoƙarin tsawatawa, muryarsa ta karye a tsakiya. Ni kuwa ina tsaye da littafi da biro, ina jin zufa na bin ainihin bayan nan mai ciwo. Na duba ƙasa ko za ta tsage. Ba ta tsage ba, daɓen siminti ne.

Da aka lafa, Baffa ya ce, "To, mai tsari, saura na huɗu."

Na gane. Na taka har gaban Garba na durƙusa na ce ya yafe mini, maganar gawa kuma na janye ta. Ya bar ni a durƙushe ɗan lokaci (haƙƙinsa ne), sannan ya ɗaga ni ya ce, "Na yahe. Ni ma da na gaya maka tun farko, amma daɗin abin ya yi yawa. Sai dai in ci ka tara: littahin nan nawa ne." Ya zare shi daga hannuna. Har yau yana wurinsa, kuma duk taron suna ko biki sai ya karanta wa jama'a shafin rago.

Ranar kasuwa na koma Wurno na nemi gafarar Malam Nasiru, wanda bai ma san na zarge shi ba sai da na faɗa. Ya yi dariya har ya aje abin da yake gyara, ya ce, "Ai na biyo ka ina gaya maka, hanya abin ke tsarewa. Baki kuwa sai mai shi."

Don adalci, na gyara sakamakon a raina, tunda littafi ya tafi. Sauri, ya ragu. Kallo, ya yi. Sirri kuwa, ban san ko ya yi ko bai yi ba, domin ban taɓa ba shi dama ba. Har yanzu ban gama yarda da masu rufaffiyar motar ba, amma na ƙara wata guda, na kuma sayi abin sawa a kunne saboda kokawa.

Abin da na koya shi ne, kafin ka zargi Holan da Wurno da ɗan gwaggonka, ka fara leƙa bayan darni. Yanzu in na hau tudu, gabas da yamma ba su dame ni ba, Gwaggo nake fara gaisarwa. Sai in juya baya in yi maganata ƙasa-ƙasa. Jiya ina cikin yi na ji murya daga cikin kara:

"Ɗaga murya, ɗan nan. Na biyun bai shigo ba."